Garin Suki na Ƙasar Sudan: Tashar Jirgin Ƙasa da Mazaunin Hausawa a Bakin Shuɗin Nilu

Suki, wanda Larabawan Sudan ke kira As-Suki, gari ne a Jihar Sannar ta ƙasar Sudan, a gaɓar gabas ta kogin Shuɗin Nilu (Nilul Azraƙ). Yana da nisan kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Sannar, da kuma fiye da kilomita 300 daga Khartum. Sinja, hedikwatar jihar, tana can tsallaken kogi ta wajen kudu, garin Dindir kuma yana gabas da shi. Suki shi ne mazaunin ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na jihar, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1994.

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunan wannan gari ba sai a 2024, lokacin da yaƙin Sudan ya iso shi, gidajen rediyo suka riƙa ambatonsa tare da Sinja da Dindir. Alhali kuwa akwai gidaje a Kano, Sakkwato, Katsina, Gwambe da Damagaram da kakanninsu suka bi ta wannan tasha a hanyarsu ta zuwa Makka, wasu suka wuce, wasu kuma suka sauke kaya a nan, jikokinsu na nan har yau suna magana da Hausa. Saboda haka muka ga ya dace mu tattaro wa mai karatu, musamman ɗalibai, bayanin yadda garin ya samu, abin da ya raya shi, abin da ya durƙusar da shi, da kuma matsayin 'yan uwanmu da ke zaune a cikinsa da ƙauyukan da ke kewaye.

Ƙasa da ruwa

Wanda ya san ƙasar firki ta gabashin Barno ya san ƙasar Suki. Baƙar laka ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari, wadda ke dararrashewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa cikin tsagar, da damina kuma ta koma taɓo mai danƙo. Ruwan sama yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Oktoba. Wannan laka tana da albarkar dawa, riɗi da auduga, amma tana da wani hali da ya shafi tarihin garin baki ɗaya: da zarar ruwa ya sauka, hanyar da ba ta da kwalta ta mutu ke nan har sai kaka. Raƙumi ba ya iya ta, mota ma sai ta kwana uku a wuri guda.

Shi kuwa kogin, daga tafkin Tana na ƙasar Habasha yake fitowa. Yakan cika ya batse a watannin Agusta da Satumba, ya zo da jan ruwa mai ɗauke da taki daga duwatsun Habasha, sannan ya janye ya bar gaɓa mai laushi wadda mutanen wurin ke kira jarf. A kan wannan gaɓa ake shuka albasa, tumatir, kuɓewa, masara da wake ba tare da ban ruwa mai yawa ba. Akwai kuma lambunan ayaba, mangwaro, gwaiba da lemo a tsawon kogin tsakanin Sannar da Sinja. A ƙwarurrukan da ambaliya ke kwanciya, bagaruwa ce ke fitowa daji guda, kuma za mu dawo kanta, domin tana da labari.

Kafin zuwan dogo

Wannan yanki yana cikin zuciyar daular Funj ta Sannar, daular Musulunci da ta kafu a 1504 ta kuma faɗi a hannun rundunar Muhammad Ali Basha na Masar a 1821. Makiyayan Larabawa irin su Rufa'a da Kinana da Kawahla ne ke kai da komo da dabbobinsu tsakanin kogin da dazukan Dindir. A zamanin Turkawa, babbar kasuwar gaɓar gabas ita ce Karkoj, wadda ke kudu da Suki, inda jiragen ruwa ke lodin ƙaro da riɗi. Bayan Turawan Ingila sun ci Sudan a 1898, sai suka mai da Sinja mazaunin lardi. Suki a lokacin ba wani wuri ne da ake lissafi da shi ba.

Yadda dogo ya zo

Auduga ce ta kawo dogo. Masaƙun Ingila na neman auduga mai dogon zare, gwamnatin mulkin mallaka kuma na neman kuɗin shiga, sai aka tsara babbar gonar Jazira a tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Layin dogo daga Khartum ya iso Wad Madani a 1909, ya wuce Sannar, ya tsallaka Farin Nilu a Kusti, ya dangana da Ubayyid ta ƙasar Kurdufan. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sannar, mai tsawon kimanin kilomita 3, wadda ke tura ruwa cikin magudanan Jazira.

Madatsar ta zo da wani amfani na biyu: ta zama gada. A ɗaya ɓangaren kuma an riga an jawo wani layi daga Hayya, kan hanyar Bur Sudan, zuwa Kasala a 1924, aka ƙarasa da shi Gadarif a 1928. Abin da ya rage shi ne a haɗa Gadarif da Sannar, tazarar kilomita 237, kuma an gama wannan a 1929. Jirgi kan taso daga Sannar, ya bi ta kan madatsar, ya gangara kudu maso gabas yana bin kogi har Suki. Daga nan ne yake juya wa kogin baya ya nufi gabas, ta Dindir, Hawata da Ƙala'un Nahal, zuwa Gadarif.

Asirin Suki yana cikin wannan juyawar. Shi ne wuri na ƙarshe da dogo ke taɓa bakin kogi. Duk wani kaya da ya gangaro ta ruwa daga kudu, wato daga Rusairis da ƙasashen da ke kusa da iyakar Habasha, a nan ya fi sauƙi a sauke shi daga jirgin ruwa a ɗora a tarago. Hukumar jiragen ƙasa ta Sudan, wadda ita ce kuma ke tafiyar da jiragen ruwa na kogi, ta riƙa gudanar da jirgi mai tururi tsakanin Suki da Rusairis a watannin da kogi ke da ruwa. Inda jirgi biyu suka haɗu kuwa, dole a samu 'yan dako, dillalai, masu awo, masu abinci, masu masauki da rumbunan ajiya. Fataken Larabawa daga arewacin Sudan, waɗanda ake kira jallaba, suka buɗe kantuna. Gidajen ma'aikatan dogo suka tashi a gefen tasha. Kasuwa ta ci. Karkoj, da dogo ya kauce mata, ta fara ja da baya.

Mai karatu na Nijeriya ba zai rasa gane wannan labari ba, domin a daidai waɗannan shekaru ne aka yi irinsa a ƙasarmu. Dogo ya isa Kafancan a 1927, Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930. Mai mulkin ɗaya ne, manufar ɗaya ce, wato a kwashe amfanin gona zuwa bakin teku, har faɗin layin ma ɗaya ne, milimita 1,067. Bambancin kawai shi ne gyaɗa da fatu ake kwasa a wajenmu, a can kuma auduga, riɗi, dawa da ƙaro.

A tsakanin 1953 da 1954 aka fitar da reshe daga wannan layi ya nufi kudu zuwa Damazin, tsawon kimanin kilomita 220. Wannan reshe ya yi aiki sosai lokacin gina madatsar Rusairis da aka kammala a 1966. Ya mai da yankin Suki mararraba ta sosai, amma kuma shi ne ya rage wa jirgin ruwa kasuwa, tunda kayan da a da ke jiran cikar kogi yanzu suna iya tafiya rani da damina.

Bagaruwa da katakon dogo

Mu dai mun san bagaruwa ne a wajen majema, da kuma maganin gargajiya. A Sudan, inda ake kiranta sunut, ita ce ta ɗauki layin dogo a kanta. Itacenta na da tauri, gara ba ta cinsa da wuri, don haka da shi ake yin katakon da ake jerawa a ƙarƙashin ƙarfen dogo. Hukumar gandun daji ta killace dazukan bagaruwa na bakin Shuɗin Nilu, ta tsara su yadda za a sare wani sashe a sake shuka shi, a dawo masa bayan kimanin shekara 30. An kafa injin yanka katako a Suki, wanda ya daɗe yana cikin sanannu a ƙasar. Ragowar itacen kuma ya tafi gini, gawayi da girki. A ganinmu wannan na daga cikin tsare-tsare masu hankali da aka yi a yankin, domin ambaliyar da ke hana noma a ƙwarin ita ce ke shayar da itacen kyauta.

Hanyar alhazai da zuwan Hausawa

Tun kafin Turawa, mutanen ƙasar Hausa da Barno ke ratsa Sudan da ƙafa zuwa aikin Hajji. A ƙasar Hijaz da Sudan ana kiransu Takari ko Takarir. Daga baya sunan Fallata ya fi yaɗuwa, wanda asalinsa sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, amma Larabawan Sudan suka game kowa da shi: Bahaushe, Bafulatani, Babarbare, duk Fallata ne a bakinsu.

Babbar ƙaura ta faru ne bayan faɗuwar daular Usmaniyya. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a masu yawa suka bar gonakinsu da garuruwansu suka bi shi. Dama tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai maganar da ta shahara a tsakanin jama'a cewa ƙarshen al'amarinsu hijira ce zuwa gabas, wajen kogin Nilu. A Burmi, cikin ƙasar Gwambe, Turawa suka cim masa, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903, Allah Ya jiƙansa da waɗanda suka kwanta tare da shi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba. Bayan tafiyar shekaru suka iso Shuɗin Nilu, suka fara sauka a Shaikh Ɗalha, sannan a wajen 1906 suka kafa gari a gaɓar yamma, kimanin kilomita 15 kudu da Sannar. Garin ya ɗauki sunansa, Mai Wurno, Larabawa na cewa Mayirnu. Tsakaninsa da Suki kogi ne da 'yar tafiya kaɗan. Mai Wurno ya rasu a 1944, sarautar kuma tana hannun zuriyarsa.

Daga wannan cibiya ne ƙauyukan mutanen yamma suka bazu a gaɓoɓin kogin har zuwa Rusairis, da kuma bakin kogunan Dindir da Rahad. Sai dai kada a ɗauka duk Hausawan yankin jikokin mutanen Burmi ne. Mafi yawa sun zo ne daga baya, a matsayin maniyyata. Hanyar sananniya ce: Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Injamena ta yau), Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir, sannan Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Daga Sannar kuma hanya biyu ce zuwa bakin Bahar Maliya. Ko dai a bi ta Khartum da Atbara, ko kuma, bayan 1929, a tsallaka madatsa a bi ta Suki, Gadarif da Kasala zuwa Sawakin, inda ake killace alhazai don duba lafiyarsu kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

Talaka ba ya yin wannan tafiya a shekara guda. Yakan fito da ɗan guzuri, ya ƙare a hanya, ya tsaya ya yi ƙwadago ya tara na gaba. Gonar Jazira da aikin madatsa da shimfiɗa dogo duk suna neman hannu, gwamnatin Turawa kuma ta ga mutanen yamma ba sa gudun wahalar gona, sai ta bar musu ƙofa a buɗe. Mutum zai ce bari in yi tsinkar auduga ta bana in wuce. Bana ta zama baɗi, a yi aure, a haihu, a binne iyaye, tafiya ta zama zama. Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya yi bincike a ƙauyukan Hausawan Jazira, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan har yanzu suna kiran kansu matafiya a hanyar Makka. Wasu ma ba sa son gina ɗaki mai ƙarko, don kada ya zama sun sauya niyya. Wannan abu yana da ban tausayi, yana kuma da ban sha'awa, kuma ya kamata mai zuwa Hajji a jirgin sama cikin awa biyar ya san shi.

A gari irin Suki, Hausawa sun riƙe sana'o'in da aka san su da su a ko'ina: su a kogi, noman jarf, dako a tasha, fawa, ɗinki, wanzanci, ƙananan kasuwanci da karantar da Alƙur'ani. Naman da ake kira agashe, ɗan uwan tsirenmu, wanda yanzu ake ci a duk manyan biranen Sudan, ta hannun mutanen yamma ya shiga ƙasar. Haka ma godo-godo, abin sha na gero da nono da matan Hausawa ke sayarwa. Abin da ya sauƙaƙa zaman tun farko shi ne addini ɗaya da mazhaba ɗaya, domin mutanen Sudan ma Malikawa ne. Ɗalibai za su so sanin cewa an ɗan bambanta a ƙira'a: mutanen yamma sun zo da ruwayar Warshu, makarantun allo na tsakiyar Sudan, waɗanda ake kira khalwa, sun saba da ruwayar Duri, yanzu kuma Hafsu ta mamaye saboda bugaggun Alƙur'anai da rediyo.

Harshen ma ya ɗauki launin wurin. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Yaro a can da Larabci yake karatu a makaranta, da shi yake ciniki a kasuwa, Hausa kuma ta gida ce da unguwa. Kalmomin gona, ofis da mota kusan duk na Larabci ne, kamar yadda namu suka zama na Ingilishi. Da wuya ka samu mai rubuta Hausa da boko. Amma a ƙauyukan da Hausawa suka fi yawa, tsofaffi na riƙe da wasu kalmomi da karin magana da mu nan muka fara mantawa.

Babbar gonar Suki

A farkon shekarun 1970, bayan madatsar Rusairis ta ƙara yawan ruwan da ake iya ajiyewa, gwamnati ta kafa gonar ban ruwa ta Suki, mai faɗin fiye da fadan 80,000. Fadan shi ne ma'aunin gona a Sudan da Masar, ya ɗan ɗara eka ɗaya. Bambancinta da Jazira shi ne, a Jazira ruwa da kansa yake gangarowa daga madatsa, a Suki kuwa sai manyan injuna sun ɗago shi daga kogi sun zuba a babbar magudana. Ana raba gonar ga manoma kashi-kashi, kowane kaso ana kiransa hawasha, hukuma ce ke faɗin abin da za a shuka da lokacin ban ruwa. Auduga, gyaɗa da dawa su ne ginshiƙai. An kuma tsugunar da 'yan gudun hijirar Iritiriya a wasu sansanoni na yankin don su yi aiki a gonar. Kudu da nan, a Maina, akwai wasu injunan da ke tura ruwa ta doguwar magudana zuwa gonar Rahad da aka buɗe a 1977.

Gonar da ta dogara da inji tana da rauni guda: ranar da inji ya tsaya, ko mai ya yanke, ko laka ta toshe bakin famfo, shuka ta ƙone ko da kogi na gudana a gabanta. Manoman Suki sun sha wannan ba sau ɗaya ba. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, waɗanda ba sa rabuwa da duk inda ruwa ke kwanciya a magudanai.

Akwai kuma tambayar da ta fi kowacce nauyi a irin waɗannan gonaki: wa ke da hawasha, wa ke yi masa aiki? A Jazira, lokacin karyewar farashin auduga a shekarun 1930, manoma da dama sun watsar da gonakinsu, aka ba mutanen yamma. Da kasuwa ta gyaru, aka fara kukan cewa baƙi sun cinye ƙasa, sai aka tsuke ƙofar. Da yawa suka koma 'yan ƙwadago ko masu noman raba-daidai, suna zaune a matsugunan gefen magudana da ake kira kambo, inda sau da yawa babu makaranta, babu asibiti, babu takardar fili.

Mota ta karɓe kasuwa

A farkon shekarun 1970 jiragen ƙasan Sudan na ɗaukar kaya kusan tan miliyan 3 a shekara. Daga nan aka fara gangara. Kayan gyara suka yi wuya, injuna suka tsufa, ruwan sama na wanke layi ba a gyarawa da wuri. A 1980 aka kammala titin kwalta daga Khartum zuwa Bur Sudan ta Wad Madani, Gadarif da Kasala, wanda ya kwashe kayan da a da dogo ke ɗauka. A 1981 kuma Shugaba Ja'afar Numairi ya murƙushe yajin aikin ma'aikatan dogo, ya rusa ƙungiyarsu wadda ke da cibiya a Atbara. Gwamnatocin da suka biyo baya ma ba su yi wa hukumar kallon rahama ba, saboda tsoron ƙarfin ma'aikatanta. Layin gabas da reshen Damazin na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har aka shafe shekaru ba a ganin jirgin fasinja.

Babban titin Sannar zuwa Sinja da Damazin ya bi ta gaɓar yamma ne, ya bar Suki a tsallake. Abin da ya riƙe garin shi ne gonarsa, kasuwar amfanin gona, da matsayinsa a tsakanin madatsar Sannar, gadar Sinja da hanyar Dindir mai fita Gadarif. Tashar mota ta gaji tashar jirgi. Wanda ya ga yadda tashar Nguru ko ta Ƙaura Namoda ta koma, ya ga ta Suki.

Maganar zama ɗan ƙasa

Dokar da Turawa suka kafa a 1948, wadda dokar 1957 ta gada bayan samun mulkin kai, ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. A duba wannan rana da kyau. Mutanen Burmi sun iso ne bayan 1903, maniyyatan da suka gina Jazira da guminsu kuma bayan haka. Da alƙalami guda aka fitar da su. Daga baya an sassauta, aka matso da ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta mai da ita 1 ga Janairu, 1956. A takarda ke nan matsalar ta kau ga mafi yawansu. A aikace kuwa, mai neman takardar ɗan ƙasa da aka ji sunan ƙabilarsa yakan sha tambayoyin da ba a yi wa maƙwabcinsa.

Abin da ya fi takarda wuya shi ne ƙasa. A tsarin gargajiya na Sudan, kowace ƙabila da ake ɗauka ta asali tana da yankinta da sarautarta, kuma sarautar ce ke da ta cewa a kan fili. Wanda ba shi da sarauta, baƙo ne ko ya shekara ɗari. Wannan ne ya fashe a Jihar Shuɗin Nilu, kudu da Suki, a watan Yulin 2022, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta tasu, wasu ƙabilun yankin suka ƙi. An yi kashe-kashe a Rusairis da Ganis da kewaye, aka sake yin wanda ya fi muni a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwan mutane suka rasu daga ɓangarorin biyu, dubun dubata suka bar gidajensu, da yawansu suka gangaro Jihar Sannar wajen dangi. Hausawa sun yi zanga-zanga a Khartum, Kasala, Gadarif da Bur Sudan. Abin lura shi ne, mafi yawan waɗanda suka kashe juna a wannan fitina Musulmi ne masu sallah a alƙibla ɗaya, maƙwabtan juna na shekaru aru-aru, kuma 'yan siyasar da suka hura wutar ba su rasa ko akuya ba.

Yaƙin da ya iso gari

Yaƙi tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. Da farko Jihar Sannar mafaka ce. Bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, 'yan gudun hijira suka cika makarantu da masallatan Sannar, Sinja da Suki.

A ƙarshen watan Yunin 2024 dakarun RSF suka kama Jabal Moya, mararrabar da ke yamma da Sannar, suka zagaye birnin suka faɗa Sinja ranar 29 ga wata. Daga nan suka tsallaka gada zuwa Dindir, a ƙarshen Yuli kuma suka shiga Suki. Dalilin da ya sa garin ya samu tun farko shi ne ya jawo masa wannan bala'i: wanda ya riƙe Suki da Dindir ya toshe wa birnin Sannar hanyarsa ta gabas zuwa Gadarif da Bur Sudan. Sannar da Mai Wurno suka kasance a kewaye wata da watanni. Mutanen Suki da ƙauyukansa suka fita cikin tsakiyar damina, da ƙafa, a cikin wannan laka da muka bayyana a sama, suna neman hanyar Gadarif. An ba da rahotannin kisa, fyaɗe da wawushe kasuwanni, gidaje da kayan gona, kuma noman wannan shekara ya salwanta a wurare da yawa.

Sojoji sun ƙwato Jabal Moya a farkon Oktoba na 2024, suka karɓe Dindir da Suki a ƙarshen watan, sannan Sinja ranar 23 ga Nuwamba. Wad Madani ta biyo baya ranar 11 ga Janairu, 2025. Jama'a sun fara komawa, suka tarar da gidaje babu ƙofofi, asibitoci babu magani, wayoyin lantarki a tsinke, ga kwalara da zazzaɓi na yawo a jihar.

Akwai kuma wani sauyi da ke tafe ta kogin kansa. Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta ta Nahda, kusa da iyakar Sudan, tun 2020, ta kuma ƙaddamar da ita a watan Satumban 2025. Ga masu injin ban ruwa wannan na iya zama sauƙi, tunda ruwa zai riƙa zuwa daidai-wa-daida duk shekara, lakar da ke toshe famfo kuma za ta ragu. Ga mai noman jarf, mai yin bulo a bakin kogi da dajin bagaruwa kuwa, lissafin daban ne, domin su ambaliyar da jan takin da take kawowa suke jira kowace shekara, kuma a cikin masu wannan jira Hausawan bakin kogi na sahun gaba.